Karatun Digiri a Kimiyya da Kula da Muhalli: Daga Cike Fom ɗin JAMB Zuwa Ranar Kare Kundi

Ranar da na gaya wa kawuna cewa na samu gurbin karanta ilimin kula da muhalli, shiru ya yi, ya gyara zaman hularsa, sannan ya ce, "To madalla. Duba-gari za ka zama ke nan?" Na ce a'a, Kawu. Ya ce, "To shara?" Ban iya ba shi amsa ba, domin ni kaina a lokacin ban san abin da na shiga ba. Da yawanmu haka muka faɗo ciki: mun nemi likitanci ko haɗa magunguna ko injiniya, maki bai kai ba, aka turo mu nan.

Kwas ne mai faɗi, kamar kasuwar ƙauye ranar ci: akwai komai, amma kaɗan-kaɗan. Za ka taɓa kemistiri, ka taɓa ilimin ƙasa da duwatsu, ka leƙa doka, ka leƙa tattalin arziki, ka yi taswira. Wanda ya bi jadawalin lakca kawai zai fita ya san sunan kowace matsala, ba ya iya warware ko ɗaya. Kowa a unguwa ya san ruwan kududdufi ya gurɓace, kowa ya san hamada na matsowa. Abin da za a biya ka dominsa shi ne ka ce da me ya gurɓace, nawa ne a cikin lita, daga ina yake zuwa, nawa gyaran zai ci. Wato awo. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka ginu.

Mataki na farko: tantance sunan kwas ɗin kafin ka biya kuɗin fom

A jami'o'in Najeriya, kalmar "muhalli" a sunan tsangaya tana yaudara. Tsangayar da ake kira Environmental Sciences ko Environmental Design a wurare da yawa ta masu gine-gine ce: zanen gidaje, ƙididdigar kayan gini, kula da filaye da gidaje, tsara birane. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, misali, tsangayar da ke ɗauke da wannan suna ta su masu zanen gini ce da tsara birane da zane-zane. Injiniyancin ruwa da muhalli kuwa yana can tsangayar injiniya. Abin da kake nema sashe ne, ba tsangaya ba, kuma sunansa kan zo a matsayin Environmental Management, ko a ƙara masa Technology ko Toxicology a ƙarshe. Jami'ar Bayero ta Kano tana da sashen a tsangayar kimiyyar ƙasa da muhalli. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi tana da shi a tsangayar fasahar muhalli. Akwai shi a Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Jihar Kaduna a harabarta ta Kafanchan. A Nijar, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ta haɗa aikin gona da kimiyyar muhalli a tsangaya guda.

Wannan ɗan ƙarin suna ba ado ba ne. Inda aka ce Toxicology, wato ilimin guba, ka shirya wa kemistiri da ɗakin gwaje-gwaje sosai. Inda sashen ya tsiro daga jogirafi, taswira da tsare-tsare da hulɗa da jama'a za su fi yawa. Wasu jami'o'in shekara huɗu ne, wasu biyar, musamman na fasaha. Aikin duba-gari da kawuna ya ambata kuwa wani layi ne daban, na lafiyar muhalli, mai makarantunsa da majalisar da ke ba da lasisinsa. 'Yan'uwan juna ne, amma takardar ɗaya ba ta maye gurbin ta ɗayan.

Mataki na biyu: sakamakon sakandare da JAMB

Kiredit biyar a WAEC ko NECO, Turanci da Lissafi dole a ciki. Sauran ukun daga kimiyya ake so su fito: Kemistiri, Bayoloji ko Aikin Gona, Fizikis, Jogirafi, wasu wuraren har da Tattalin Arziki. A JAMB darussa huɗu ne, Turanci da uku. Waɗanne uku? Nan ne yara ke faɗawa rami, domin kowace jami'a da haɗin da take karɓa. Kada ka bar mai shagon kwamfuta ya zaɓa maka. Ka buɗe kundin JAMB da ke intanet, wanda ake kira IBASS, ka nemi kwas ɗin a ƙarƙashin sunan jami'ar da kake so, ka kwafe haɗin a takarda, ka je da shi. Maki 250 da haɗin da bai dace ba bai kai maki 190 da haɗin daidai ba.

Ka tabbatar an ɗora sakamakon sakandarenka a shafin JAMB, ka yi rajistar tantancewar jami'a, in gurbi ya fito ka karɓe shi a CAPS, sashen shafin JAMB da ake ba da gurbi ta cikinsa. Mai difloma ko NCE ko IJMB yana iya shiga aji biyu kai tsaye.

Mataki na uku: aji ɗaya da aji biyu

Aji ɗaya ba za ka ga muhalli ba sai a sunan sashenku. Za a zuba ku cikin babban ɗakin lakca tare da ɗaliban kimiyya ɗaruruwa, ana kemistiri da fizikis da lissafi da bayoloji da darussan gama-gari. A nan ake gina maki, a nan ake rusa shi. Jimillar maki a kan 5.00 ake lissafa ta: daraja ta ɗaya daga 4.50, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40. Wanda ya fara da 2.1 a aji ɗaya zai shafe sauran shekarunsa yana tura mota a kan tudu, kuma yawancin guraben tallafin karatun digiri na biyu daga 3.50 suke fara duba takarda.

Darussa biyu nake roƙonka kada ka yi musu karatun cin jarrabawa: kemistiri da ilimin ƙididdiga. Su ne ɗalibai suka fi gudu, su ne kuma suke ci da mutum daga baya. Ka iya juya miligiram a lita zuwa maikirogiram ba tare da ka daburce ba. Ka san yadda ake surka ruwan sinadari mai ƙarfi ya koma rabi ko kashi ɗaya cikin goma. Ka gane me ya sa a ma'aunin tsami na pH, pH 5 ya ninka pH 6 tsami sau goma, ba da ɗigo ɗaya ya fi shi ba. A ƙididdiga, ka san bambancin matsakaici (mean) da na tsakiya (median), ka san lokacin da bambanci tsakanin rijiyoyi biyu na gaske ne da lokacin da dace ne kawai. Ka koyi Excel tun yanzu, ko a kwamfutar aro.

Mataki na huɗu: ka ɗauki matsala guda ta kusa da gida, ka bi ta

Wannan babu shi a jadawali, kuma shi ne ya fi komai amfani. Kafin ka gama aji biyu, ka zaɓi matsala ɗaya da ƙafarka za ta iya kai ka wurinta, ka riƙa jingina kowane darasi da ita. Littattafan da za a ba ku cike suke da misalan Turai da Amurka, ruwan sama mai tsami da dusar ƙanƙara mai narkewa. Mu kuwa ga namu a bakin ƙofa.

Dubi Zamfara a 2010. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Bagega, mutane suna haƙo dutsen zinariya suna kawo shi cikin gida, ana niƙa shi da injin niƙa, ana shanya shi a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dutsen yana ɗauke da dalma mai yawa. Ƙurar ta shiga ƙasa, ta shiga abinci, ta shiga bakin yara. Sama da yara 400 suka rasu. Da farko zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau ake zargi, har sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta sa aka auna jini. Ka lura da yadda aka yi gyaran, domin duk kwas ɗinku yana ciki. Likitoci ba su iya ba da maganin fitar da gubar ga yaron da zai koma gidan da ke cike da ita, don haka sai da aka fara bi gida-gida da na'urar hannu ana auna ƙasa, aka kankare saman ƙasar da ta gurɓace, aka binne ta a ramin da aka tanada, aka zubo sabuwa. Kuma sai da sarakuna da masu gari suka sa baki aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Kemistiri, lafiya, injiniyanci, talauci, sarauta, duk a tsakar gida ɗaya. Bagega sai 2013 aka gyara ta, saboda jinkirin kuɗi. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Ko ka dubi fadamar Haɗeja da Nguru. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, don noman rani da ruwan sha. Da can kogi yakan cika da damina ya malala, ya janye da rani, masunta da manoman shinkafa da makiyaya kowa ya san lokacinsa. Da madatsun suka sa ruwa ya riƙa gudana kusan duk shekara, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa. Wasu garuruwan ambaliya ta cinye gonakinsu, wasu ruwan ya daina isa gare su, tsuntsayen jan-baki suka samu maɓoya a cikin ciyawar suna far wa hatsi. Babu wanda ya yi nufin sharri. Aikin ci gaba ne a sama ya zama matsala a ƙasa, kilomita ɗaruruwa daga inda aka zuba siminti.

Ɗan Kano ba sai ya yi nisa ba: ruwan da ke fita daga masana'antun jima a Challawa da Sharaɗa da Bompai, mai ɗauke da sinadarin kuromiyam, da ruwan Jakara da ake ban-ruwan latas da kabeji da shi. Ɗan Maiduguri yana da madatsar Alau da ta ɓalle a Satumban 2024, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, yana da Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 kafin fari ya tsotse mafi yawansa. Ɗan Gombe yana da kwazazzabai masu cin gidaje.

Kada kuma ka zaɓi labarin baƙin ciki kawai. A yankin Maraɗi, tun shekarun 1980, manoma suka fara barin tohon kututturan bishiyoyi a gona maimakon sassabe su ƙurmus, su zaɓi rassa biyu-uku masu ƙarfi su rene su. Suna ce masa sassaben zamani. Yau ana ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo a Maraɗi da Damagaram, yawanci gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya ba gero rana da taki. Ba gandun raino, ba bikin dashe, ba motar ban-ruwa. Ka kwatanta da dubban tsirrai da ake dasawa kowace damina gaban 'yan jarida, awaki su cinye kafin kaka. Tambayar me ya sa ɗaya ya ɗore ɗaya bai ɗore ba, da rawar da mallakar bishiya ta taka a ciki, ta ishi ɗalibi bincike har digiri na uku.

Mataki na biyar: koyon ɗiban samfur

A nan na sha kunya, bari in ba ka labarin don kada ka sha irinta. A aji uku aka raba mu rukuni-rukuni mu auna ruwan rijiyoyin wata unguwa da ke kusa da juji. Muka wanke robobin lemo, muka ɗebi ruwa tun safe, muka jefa a but ɗin mota, muka tsaya cin abinci, muka tsaya ɗaurin auren wani abokinmu. Da la'asar muka isa ɗakin gwaje-gwaje, ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jego. Ma'aikacin ɗakin, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya taɓa roba ɗaya, ya tambaye mu wace rijiya ce wannan. Muka dubi juna. Alamar da muka yi da biro ta goge. Ya ce, "'Ya'yana, wannan ai ba samfur ba ne, ruwa ne kawai." Ya zubar a magudana muna kallo.

Ga abin da ya koya mana daga baya, ka riƙe shi.

Kwalba ta danganta da abin da za a auna. In ƙarafa masu guba ake nema, irin su dalma da kuromiyam, robar da aka jiƙa a ruwan asid aka ɗauraye da tataccen ruwa ake amfani da ita, a ɗauraye ta sau uku da ruwan da za a ɗiba, sannan a ɗiga asid na naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2, don kada ƙarfen ya manne a jikin roba. In ƙwayoyin cuta ake nema, kwalbar da aka kashe ƙwayoyin cikinta ake buɗewa a bakin rijiya, ba a ɗaurayewa, ba a taɓa bakinta, a sa a kula mai ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji cikin awa 6 in da hali. Zafin ruwa da pH da iskar oksijin da ke cikinsa a nan take ake auna su, domin suna canzawa a hanya. In famfo ne ko burtsatse, a bar ruwan ya zuba na 'yan mintuna tukuna. Kowace kwalba a manna mata takarda a rubuta da alƙalamin da ba ya gogewa: lamba, wuri, rana, lokaci. A littafinka ka rubuta lambobin GPS, da abin da idonka ya gani: taku nawa ne tsakanin rijiya da masai, akwai murfi ko babu, gugan kowa ake zurawa ko guda ɗaya.

Samfurin ƙasa kuma ba daga rami ɗaya ake ɗiba ba. A ɗebo daga wurare da dama a gonar, zurfin santimita 15 zuwa 20, a gauraya, a shanya a inuwa, a tankaɗe da rariya mai ido milimita 2.

Kullum ka ɗebo na kwatance daga wurin da matsalar ba ta kai ba, in ba haka ba ba ka da abin da za ka ce ya ƙaru a kansa. Kuma ka san ma'aunin da za ka gwada sakamakonka da shi: a ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita, naitiret 50, pH tsakanin 6.5 da 8.5. Damina da rani ba sakamako ɗaya suke bayarwa ba, ka rubuta lokacin da ka ɗiba.

Abu na ƙarshe a nan, wanda babu shi a littafi: ba a shiga unguwa da kwalabe da kyamara haka kawai. Ka fara da gidan mai unguwa, da takardar sashenku a hannu, ka gaishe shi, ka ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibai ne mu, mun zo neman izini." Rijiyoyi da yawa a cikin gida suke, ba shiga. Shi ya sa rukunin da babu mace a ciki rabin aiki kawai zai iya, kuma ɗalibai mata su sani wannan fili nasu ne: maganar ruwa, itacen girki, hayaƙin murhu da shara, matan gida ne suka san ta, kuma ku za su gaya wa gaskiya.

Mataki na shida: taswira da hotunan tauraron ɗan'adam

Injinan auna ƙarafa suna da tsada, ba kowane sashe ke da mai aiki ba, wuta ma ba kullum ba. Amma GIS, wato aikin taswira da kwamfuta, kwamfutar cinya mai matsakaicin ƙarfi kawai yake buƙata. Manhajar QGIS da ake yin sa da ita kyauta ce. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, da suka faro tun 1972, kyauta ne. Na Sentinel-2, masu nuna fili har mai ƙanƙantar mita 10 a 10, kyauta ne. Ka sauke hoton garinku na shekarun 1980 da na bana, ka auna nawa gonaki suka koma gidaje, kududdufai nawa aka cike aka yi gini. Sai ka ɗora wannan a kan unguwannin da ambaliya ke ci duk Agusta. Yawanci za ka ga ruwan gidansa na da yake nema. Ka koyi manhajar KoboToolbox don tattara amsoshin tambayoyi da waya ko babu intanet. A ganina, cikin duk abin da ɗalibin muhalli zai koya da kansa, babu mai saurin kawo aikin kuɗi kamar taswira.

Sai dai hoto daga sama yana ruɗi. Kore a hoto zai iya zama daji, zai iya zama kacala, zai iya zama gonar rake. Sai ka taka ka gani.

Mataki na bakwai: doka da rahoton EIA

Dokokin muhalli na Najeriya daga wata ɓarna suka samo asali. A 1988 aka gano dubban ganguna na dagwalon masana'antu mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, a jihar Delta ta yanzu. A shekarar aka yi dokar hana shigo da irin wannan shara, aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A 1992 aka yi dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli, doka mai lamba 86, wadda kowa ke kira EIA. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, NOSDRA mai kula da malalar mai a 2006, NESREA mai tilasta bin ƙa'idoji a 2007, hukumar Babbar Ganuwar Bishiyoyi a 2015 mai aiki a jihohi 11 na bakin hamada, sai dokar sauyin yanayi a 2021.

Kada ka haddace waɗannan don jarrabawa kawai. EIA ita ce abincin yawancin masu wannan sana'a. Kafin a gina madatsa, babbar hanya, masana'antar siminti ko wurin haƙar ma'adinai, sai an yi rajistar aikin a ma'aikata, a tantance girman haɗarinsa, a fayyace abubuwan da za a bincika, a je a auna ruwa da iska da ƙasa da tsirrai da rayuwar jama'ar wurin kafin a taɓa komai, a yi hasashen abin da zai canza, a tsara yadda za a rage illa. Sannan a baje daftarin rahoton kwana 21 na aiki don jama'a su duba, kwamitin masana ya zauna a kai. Ka nemi cikakken rahoto guda, ko a ɗakin karatun sashe ko a shafin Bankin Duniya, ka karanta shi daga bango zuwa bango. Yana da kauri, yana sa barci, amma za ka ga inda kowane darasinku ya shiga. Za ka kuma fara gane rahoton da aka taka aka yi da wanda aka kwafo daga na wata jiha aka canza sunan gari, har da bishiyoyin kurmi a ƙauyen Yobe.

Mataki na takwas: SIWES, koyon aiki a wajen makaranta

Wata shida ne a yawancin sassa, kuma ka fara neman wuri tun zango guda kafin lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni wata ma'aikata na je don tana kusa da gida. Muka shafe watanni muna zaune a benci, ana aiken mu sayen ƙosai, ranar Juma'a mu ƙirƙiro abin cike littafin rahoto. Abokina da ya tafi tashar tace ruwan sha ya dawo ya iya gwajin alif da na kulorin da ido rufe.

Kafin ka miƙa takarda, ka yi tambaya ɗaya: ana fita fili, ko akwai ɗakin gwaji mai aiki? Hukumar ruwan sha, kamfanonin da ke rubuta EIA, sashen lafiya da kariya na masana'antu, hukumomin raya kogunan Haɗeja-Jama'are da Sakkwato-Rima da Tafkin Chadi, gandun daji irin Yankari, ofisoshin shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL da ke jihohin Arewa 19 da Abuja, duk wurare ne da ake taɓa aiki da hannu. Ka cike littafinka kullum da abin da ka yi da gaske, da sunan na'ura da yadda ake saita ta. Ka karɓi lambar wanda ya koya maka, ka riƙa gaishe shi bayan ka tafi. Aikin farko na mutane da yawa daga irin wannan gaisuwa ya fito.

Mataki na tara: kundin bincike

In ka bi mataki na huɗu, ba za ka tsaya a ƙofar malami kana roƙon take ba. Ka ƙuntata shi. "Tasirin sauyin yanayi a Arewacin Najeriya" ba aikin ɗalibi mai wata shida da kuɗin aljihu ba ne. "Yawan naitiret da ƙwayoyin cuta a rijiyoyi 12 na unguwa kaza, gwargwadon nisansu da masai" aiki ne da za a gama, a kare, har mai unguwa ya amfana. Kafin malami ya sa hannu a kan taken, ka je ɗakin gwajin ka tambayi kuɗin kowane samfur a kan kowane sinadari, ka ninka. Ɗalibai da yawa a nan suke gano cewa samfur 30 sau ƙarafa 6 ya fi ƙarfin gidansu. Gara samfur 10 da aka auna sau uku-uku da 40 da aka ƙirƙiro. Masu sayar da kundi a bakin makaranta suna nan, amma lambobin ƙarya suna da kamanni, kuma malamin waje da ke zuwa ranar karewa ya ga dubunsu. Tambaya ɗaya zai yi maka, wace irin kwalba ka yi amfani da ita, shi ke nan.

In sakamako ya nuna ruwan lafiya ƙalau, ka rubuta haka. Sakamako ne. In ya nuna haɗari, ka koma wurin mai unguwa da takarda shafi ɗaya da Hausa, ka gaya musu rijiyar da za a daina sha.

Bayan digiri

Ba zan ɓoye maka ba, babu ofishin da ke jiran ka da kujera. Guraben gwamnati kaɗan ne, masu nema da yawa. A lokacin bautar ƙasa ka yi ƙoƙari a tura ka inda ya shafi fanninka, in kuma makaranta aka kai ka, ka yi amfani da shekarar ka ƙara takarda guda mai nauyi: ta lafiya da kariya a wurin aiki, ko ta tsarin kula da muhalli na ISO 14001 da masana'antu ke bi, ko kwasa-kwasan ƙa'idojin muhalli da zamantakewa da ake yi a cibiyoyin horo na SPESSE da ke jami'o'in Zariya da Bauchi, domin ayyukan da Bankin Duniya ya sa kuɗi kan ɗauki jami'in da ke kula da wannan ɓangare. Ƙungiyoyin agaji a Borno da Yobe da Adamawa suna ɗaukar masu aikin ruwa da tsafta. Wasu abokan karatunmu sun bi 'yan gwangwan da masu bola-jari sun koyi kasuwar, yanzu suna da injin niƙa roba suna sayar wa masana'antu da tan-tan.

Ranar ganawar neman aiki, ka je da fayil: taswira biyu da ka zana da kanka, teburin sakamakon gwajin da ka yi, shafi ɗaya na taƙaitaccen kundinka, da hotonka a fili riƙe da kula mai ƙanƙara. Ka sa kwafinsu a waya ma, don wani lokaci a bakin masallaci ko wurin ɗaurin aure za a tambaye ka me ka iya.